Babi na Bakwai: Kuɗin Wasa Na Hawa, Masu Sharhi Na Fita

A ranar Laraba 26 ga Afrilun 2017, tashar ESPN, wadda ta fi kowace tashar wasanni girma a Amurka, ta sallami ma'aikata kusan 100 a yini guda. Akasarinsu mutane ne da masu kallo suka san fuskokinsu da muryoyinsu shekara da shekaru. Akwai Ed Werder, wanda ya yi shekara 17 yana kawo rahoton gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, da Jayson Stark na wasan besbol, da Marc Stein na ƙwallon kwando. Bayan shekara shida, ranar 30 ga Yunin 2023, aka sake kwatawa. Wannan karon kimanin mutum 20 ne, cikinsu har da Jeff Van Gundy, wanda bai fi mako uku da gama sharhin wasannin ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NBA ba, da Suzy Kolber mai shekara 27 a gidan. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, wata guda da rabi kacal kafin nan tashar ta sanar da ɗauko Pat McAfee, tsohon ɗan wasa mai shirin hira a YouTube, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan 85 cikin shekara biyar. Ta yaya gidan da ke kukan babu zai ɗauki irin wannan kuɗi ya miƙa wa mutum guda? Amsar da wannan babi zai kare ita ce, korar da ɗaukar duk uwarsu ɗaya. Hanyar da tashar wasanni ke samun kuɗi ce ta karye, kuma da ta karye sai ta sauya irin mutumin da tashar ke buƙata a gaban kyamara.

Sai an fara gane inda kuɗin ke fitowa tukuna. ESPN ta fara aiki ranar 7 ga Satumban 1979 a Bristol, wani ƙaramin gari a jihar Connecticut, da jarin kamfanin mai na Getty. A shekarunta na farko asara take tafkawa, domin talla kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin tashar da ke aiki dare da rana. A farkon shekarun 1980 shugabanninta suka yi wata kasada, suka ce wa kamfanonin kebul, wato masu ja wa gidaje wayar talabijin suna karɓar kuɗin wata, su riƙa biyan tashar 'yan kwabbai a kan kowane gida. Kamfanonin suka yi gunaguni, amma suka biya. Da tashar ta sami izinin nuna wasannin NFL a 1987, sai kuɗin ya fara hawa, bai kuma daina ba. Muhimmin abin lura shi ne ana biyan kuɗin ne a kan kowane gidan da ke cikin ƙunshin tashoshin, ko da akwai mai kallon wasa a gidan ko babu. Tsohuwar da ba ta kallon komai sai labarai da shirin girki, ita ma ana yankar rabon ESPN daga kuɗin watanta, ba tare da ta taɓa ganin sunan tashar a takardar biyanta ba. A 2011 gidajen da ke biya sun kai kusan miliyan 100. Zuwa 2017 kowane gida yana biyan sama da dala 7 a wata, abin da ya ninka na kowace tashar kebul sau da yawa. Shi ya sa kamfanin Disney, wanda ya sami kashi 80 cikin ɗari na tashar lokacin da ya sayi Capital Cities/ABC a tsakiyar shekarun 1990, ya daɗe yana ɗaukar ta a matsayin babbar rijiyar kuɗinsa.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya mai mita ɗaya ya san wannan tsari. Idan takardar kuɗin wuta ta zo, ana raba ta daidai a kan ɗakuna, mai firji da injin niƙa da dutsen guga ya biya daidai da mai ƙwan fitila ɗaya. Muddin ba wani zaɓi, mai ƙwai ɗaya zai biya yana mita a zuci, mai firji kuwa har ya manta nawa ne ainihin kuɗin wutar da yake sha. Ranar da kowane ɗaki ya sami mitarsa, ranar mai firji zai ga gaskiyar lissafi. Masu kallon wasa a Amurka su ne masu firjin, kuma sun shafe kusan shekara talatin maƙwabta na biya musu. A 2023, lokacin da kamfanin kebul na Charter ya yi rigimar farashi da Disney, har tashoshin Disney suka ɗauke daga gidaje kusan miliyan 15 daga 31 ga Agusta zuwa 11 ga Satumba, Charter ya fito fili ya ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abokan cinikinsa ke kallon tashoshin Disney a kai a kai, alhali kowa na biya.

Wannan kuɗi bai zauna a Bristol ba. Masu gasar wasanni ba barci suke yi ba, sun san cewa da wasansu ne tashar ke tilasta wa kamfanin kebul biya, don haka duk sabunta yarjejeniya sai su ɗaga farashi. A 2011, shekarar da gidaje suka kai ƙololuwa, ESPN ta amince za ta riƙa biyan NFL kimanin dala biliyan 1.9 a kowace shekara, na tsawon shekara takwas, domin wasan daren Litinin da sauran abubuwan da ke tare da shi. A 2014 ita da kamfanin Turner suka ƙulla da NBA a kan dala biliyan 24 cikin shekara tara, kusan ninki uku na abin da ake biya a baya. An sa hannu a waɗannan takardu ne da zaton gidaje za su ci gaba da biya kamar yadda suka saba. Sai ga intanet mai sauri ta shiga gidaje, Netflix da YouTube suka ba mai ƙwai ɗaya mitarsa. Wasu suka yanke kebul, matasan da suka kama gidajensu kuwa ba su ma ja wayar ba tun farko. Kafin 2017 gidajen ESPN sun sauko zuwa wajen miliyan 87, zuwa 2023 kuma wajen miliyan 70. Lissafin ba ya buƙatar akanta: gida miliyan ɗaya da ke biyan dala 7 a wata, dala miliyan 84 ke nan a shekara. Gidaje miliyan 13 da suka fita tsakanin 2011 da 2017 sun tafi da sama da dala biliyan ɗaya a kowace shekara, a farashin lokacin.

Mai hankali zai yi zaton idan masu saye suka ragu farashin kaya zai sauko. A nan akasin haka ya faru, kuma a nan ne matsalar take. Yayin da mutane suka koma kallon fina-finai da wasan kwaikwayo a lokacin da suka ga dama, suna tsallake talla, wasa ne kaɗai ya rage abin da dole a kalla a daidai lokacin da ake yin sa, domin ba mai son kallon wasan da ya riga ya ji sakamakonsa. A 2023, cikin shirye-shirye 100 da aka fi kallo a talabijin na Amurka, 93 wasannin NFL ne. Wato raguwar kebul ta ƙara wa wasa daraja, domin shi ne igiyar ƙarshe da ke riƙe da ragowar gidajen. Tashar da ta saki wasa ta mutu nan take, wadda ta riƙe kuma tana biyan kuɗin da ke hawa daga aljihun da ke raguwa. A 2021 ESPN ta sabunta da NFL a kan kimanin dala biliyan 2.7 a shekara har zuwa 2033. A 2024 NBA ta sayar da izinin shekara 11 a kan kusan dala biliyan 76, Disney na biyan wajen biliyan 2.6 a shekara, NBC da Amazon suka raba sauran, tashar TNT ta kamfanin Turner da ta yi sama da shekara talatin tana nuna gasar ta tashi a tutar babu.

To, daga ina za a rage? Kuɗin NFL a rubuce yake, ba a taɓa shi. Na NBA haka. Motocin watsa shiri da kyamarori dole ne idan za a nuna wasan. Abin da ya rage mai motsi shi ne mutane. Amma kada a ruɗu cewa korar ce ke cike giɓin. Ko da a ce kowane ɗaya cikin mutum 100 na 2017 yana karɓar dala miliyan ɗaya a shekara, alhali yawancinsu ba su kusanci haka ba, jimillar ba ta wuce abin da tashar ke biya a kan wasan daren Litinin guda ɗaya ba idan aka raba kuɗin shekarar a kan yawan wasannin. Ban da haka, masu kwantiragi an ci gaba da biyan su har wa'adinsu ya cika. Kora irin wannan saƙo ce ga masu hannun jari. A watan Agustan 2015 shugaban Disney, Bob Iger, ya amsa a bainar jama'a cewa ESPN na rasa gidaje, cikin 'yan kwanaki hannayen jarin kamfanonin talabijin suka zube, cikin Oktoba kuma tashar ta sallami kusan mutum 300. A Fabrairun 2023 Iger ya yi alkawarin rage ma'aikata 7,000 a faɗin Disney da tsimin dala biliyan 5.5, cikin Yuni su Van Gundy suka fita. Manajan da ba zai iya taɓa babban kuɗi ba yana nuna ƙwazonsa ne a kan ƙaramin, kuma sunan da jama'a suka sani ya fi yin amo a kunnen kasuwa fiye da na ma'aikaci ɗari da ba a san su ba.

Sai dai wannan bai bayyana wa ake kora, wa ake bari ba. A nan dole a dubi abin da tashar ke sayarwa tsakanin wasa da wasa, domin wasa sa'a uku ne, yini kuwa ashirin da huɗu. A shekarun 1990 shirin SportsCenter ne ke cike gurbin. Mutum ya dawo daga aiki, bai san yadda ƙungiyarsa ta ƙare ba, sai ya jira ƙarfe sha ɗaya na dare ya ga tsakuren wasannin ranar daga bakin Dan Patrick da Keith Olbermann ko Stuart Scott. Tashar ce ta yi waɗannan mutane, kujerar ce ta ba su suna. Yau kuwa kafin mai tsaron gida ya tsamo ƙwallo daga raga, bidiyon ya zagaye wayoyin duniya. Labarin sayen ɗan wasa ma a shafukan sada zumunta yake fashewa. Mai karanta sakamako da ɗan rahoton da ke tsaye a ƙofar filin atisaye yana jiran koci ya fito, aikinsu na nan da kyau kamar da, amma ba shi ke sa gida ya ci gaba da biyan kuɗin wata ba. Su ne tsakiyar gidan, masu albashi mai kauri amma ba na taurari ba, kuma su ne aka fi sharewa a kowane zagaye. Mujallar tashar ta daina fita a takarda a 2019. Shafinta na Grantland, inda ake dogayen rubuce-rubuce masu zurfi, an rufe shi tun Oktoban 2015.

A sama kuwa albashi ya haukace. A 2020 tashar CBS ta riƙe mai sharhinta Tony Romo da kimanin dala miliyan 17 a shekara. A 2022 ESPN ta ƙwato masu sharhi Joe Buck da Troy Aikman daga tashar Fox, a kan abin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 160 su biyu cikin shekara biyar, Fox kuma ta mayar da martani da yarjejeniyar dala miliyan 375 ta shekara goma da ɗan wasa Tom Brady, mutumin da a lokacin bai taɓa sharhin wasa ko ɗaya ba. A 2025 aka ruwaito Stephen A. Smith ya sa hannu da ESPN a kan dala miliyan 100 cikin shekara biyar. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce kamar yadda ake ɗauka, ko da yake ba laifi mutum ya ji haushi. Wanda ya biya biliyan 2.7 a kan wasa ba zai yi ƙyashin miliyan talatin don ƙawata shi ba, musamman da yake NFL ce ke tsara wa kowace tasha wasannin da za ta nuna, kuma kafin zuwan Buck da Aikman an yi ta sauya masu sharhin daren Litinin kusan kowace shekara biyu tun tafiyar Mike Tirico zuwa NBC a 2016, ba tare da an dace ba. Shi kuwa Smith, shirin gardama yake yi: tebur ɗaya, mutum uku ko huɗu, sa'a biyu kullum, ba jirgi, ba otal, ba izinin wasa. Idan aka raba albashinsa a kan sa'o'in da yake cikewa da gutsattsarin bidiyon da ke yawo a waya daga bakinsa, zai yi wuya a sami shiri mai arha kamarsa.

Babban sauyin da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne tashar ta daina ƙera taurari, ta koma hayarsu. A Satumban 2014 ESPN ta dakatar da ma'aikacinta Bill Simmons na mako uku saboda ya kira shugaban NFL, Roger Goodell, maƙaryaci a shirinsa na fodkas, a 2015 kuma ta ƙi sabunta masa kwantiragi. A wancan zamani wanda ya bar Bristol ana ganin ya bar duniya. Simmons ya kafa kamfanin The Ringer, Spotify ta saye shi a 2020 a kan kuɗin da ya kusa dala miliyan 200. Colin Cowherd ya koma Fox ya kuma kafa nasa kamfanin, Dan Le Batard ya fita a farkon 2021 ya sami kuɗin kamfanin caca na DraftKings. Kowa ya ga akwai rayuwa a waje. Yanzu a kwatanta da McAfee. Shirinsa nasa ne, a situdiyonsa na Indianapolis ake yin sa, shi ke biyan yaransa, yana kuma ci gaba da fita a YouTube, izinin nunawa kawai tashar ta saya. A Janairun 2024 ya zauna a gaban kyamara, a tashar ESPN ɗin kanta, ya ambaci sunan ɗaya daga cikin manyan shugabanninta ya zarge shi da yi wa shirinsa zagon ƙasa. Ba a dakatar da shi ko na yini ɗaya ba, shugaban ne ma ya bar gidan bayan 'yan watanni. Haka aka yi da shirin Inside the NBA na su Charles Barkley da Shaquille O'Neal: da TNT ta rasa gasar, ESPN ta yi hayar shirin dungurungum, ana ci gaba da haɗa shi a Atlanta a hannun mutanen TNT. Wanda ya zo da jama'arsa tashar ke lallashi, wanda kuma ya dogara da jama'ar tashar ana iya maye gurbinsa kafin Litinin.

Kujerar da Van Gundy ya bari ta isa misali. Shi da Mark Jackson da Mike Breen sun yi shekaru kusan goma sha biyar suna sharhin wasannin ƙarshe na NBA tare, har masu kallo sun haddace inda ɗaya zai tsokani ɗaya. A bazarar 2023 aka sallami biyu, aka bar Breen, aka kawo masa Doc Rivers da Doris Burke. Rivers bai gama kakar ba, a Janairun 2024 ya tafi horar da ƙungiyar Milwaukee Bucks. Aka ɗora JJ Redick, shi ma da gama wasannin ƙarshe a watan Yuni ya tafi horar da Los Angeles Lakers. Aka kawo Richard Jefferson, a 2025 kuma aka sauke Burke aka sa Tim Legler. Cikin shekara biyu kacal Breen ya zauna da abokan sharhi har biyar, a wasan da ya fi kowane daraja a gasar da kamfanin ya amince zai biya wa biliyan 2.6 a shekara. Kuɗin da aka tsimi a kan Van Gundy bai kai ƙura ba a wannan lissafi.

Akwai masu cewa duk wannan dogon bayani kauce wa gaskiya ne, siyasa ce ta kori masu kallo. Suna nuni da 2017, lokacin da mai gabatarwa Jemele Hill ta caccaki Shugaba Donald Trump a Twitter har fadar gwamnati ta ce laifin ya isa a kore ta, suna cewa masu ra'ayin riƙau sun gaji da wa'azi a tashar wasa. Ba za a musa cewa wasu sun fusata ba, kuma Jimmy Pitaro da ya karɓi ragamar tashar a Maris ɗin 2018 ya ɗauki ƙorafin da muhimmanci, ya umarci ma'aikata su rage tsoma baki cikin siyasa zalla. Amma hujjar tana da rami babba. A tsarin kebul ba a iya cire ESPN ita kaɗai, sai dai a yanke ƙunshin gaba ɗaya. Raguwar ta fara tun 2011, shekaru kafin rigimar, ta kuma ci gaba bayan Hill ta tafi a 2018 an kuma rage siyasar. Tashoshin yara da na girki da na tarihi, waɗanda ba ruwansu da Trump, duk sun rasa gidaje a tare. Tashar wasanni ta NBC, wato NBCSN, an rufe ta a ƙarshen 2021 ba tare da wata rigimar siyasa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa babu wata matsala, kuka ne na mai ƙoshi. Da Disney ta fara bayyana lissafin ESPN a 2023, an ga tashar ta sami kuɗin shiga kusan dala biliyan 16 a shekarar kuɗi ta 2022, da riba kusan biliyan 2.9. Sannan sauyin ma'aikata ba sabon abu ba ne, Olbermann ya fita tun 1997, Rich Eisen a 2003, Patrick a 2007. Duk gaskiya ne. Sai dai waɗancan da ƙafarsu suka fita don sun sami abin da ya fi, kuma aka maye gurbinsu da irinsu. Na yanzu ana rufe gurbin ne da kansa. Ribar kuwa an riƙe ta ne ta hanyar ƙara farashi a kan ragowar gidaje, daga dala 7 zuwa sama da 9, kuma kowane ƙari yana tura wasu gidajen waje. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi ƙananan tashoshin yanki masu nuna wasannin ƙungiyoyin gari. Kamfanin Sinclair ya sayi irin waɗannan tashoshi 21 daga Disney a 2019 a kan kusan dala biliyan 10, akasari da bashi. A Maris ɗin 2023 reshen da ke riƙe da su, Diamond Sports, ya shigar da takardar karyewar arziki da bashin sama da biliyan 8. ESPN ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ƙasar da suka tsaya a kai ɗaya ce.

Saura masu fatan intanet za ta mayar da abin da ta ƙwace. Ranar 21 ga Agustan 2025 ESPN ta fara sayar da kanta kai tsaye ga mai kallo, ba sai da kebul ba, a kan dala 29.99 a wata. Gidaje miliyan 70 na 2023 a kan dala 9 da 'yan kai suna kawo kusan biliyan 8 a shekara. Kafin a sami wannan a dala 30, ana buƙatar mutum sama da miliyan 20 da za su biya wata goma sha biyu cur. Amma mai biya ta manhaja da danna maɓalli ɗaya yake fita ranar da kakar wasansa ta ƙare, ba kamar mai kebul da sai ya yi waya ya mayar da akwati ba. Kuma a wannan kasuwa abokan takarar ba su dogara da wasa don cin abinci ba. Amazon na biyan kusan biliyan ɗaya a shekara a kan wasan daren Alhamis domin mutane su ci gaba da sayen kaya a kantinta, YouTube na biyan kusan biliyan biyu a kan ƙunshin wasannin Lahadi, Apple ya ɗauki gasar ƙwallon ƙafa ta MLS na shekara goma. Ga su wasa talla ce, ga ESPN shi ne jarin baki ɗaya. Neman wata ƙofa ne ya kai gidan Disney, mai tinƙaho da fina-finan yara, ga ba da hayar sunan ESPN ga kamfanin caca na Penn a 2023 a kan dala biliyan 1.5 cikin shekara goma, yarjejeniyar da aka warware bayan shekara biyu kawai.

Mai kallon ƙwallon Ingila a Kano ko Kaduna ba baƙo ba ne a wannan labari. Kamfanin HiTV ya ƙwace izinin nuna gasar Firimiya a Najeriya a 2007, farashin ya fi ƙarfinsa a zagaye na gaba, zuwa 2011 ya rufe. MultiChoice mai DStv yana sayen izinin da kuɗin waje yana karɓar naira, ya yi ta ƙarin farashi, ya kuma rasa abokan ciniki sama da miliyan ɗaya a Najeriya tsakanin 2023 da 2025. Muryar Peter Drury da 'yan gidan kallo suka saba da ita ta koma NBC a 2022, sannan Sky Sports a 2023, inda ya gaji Martin Tyler bayan shekara sama da talatin.

Abin da ya fi cancantar damuwa a ƙarshe ba albashin kowa ba ne, domin yawancin waɗanda aka sallama sun sami wurin zama. Aikin jarida ne ke shan kashi. Wasanni kasuwanci ne na biliyoyin daloli, da raunin ƙwaƙwalwa, da cin zarafi, da caca, da kuɗin gwamnati da ake zubawa a gina filaye, kuma gidan da ya fi kowa yawan 'yan rahoton da za su bincika waɗannan shi ne gidan da ya fi kowa dogara da masu gasar. An ga alamar tun Agustan 2013, lokacin da ESPN ta janye sunanta daga shirin binciken da take yi da tashar PBS a kan raunin kai a NFL, duk da cewa 'yan rahotonta biyu ne suka yi binciken. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa NFL ce ta matsa, tashar ta musanta. A lokacin dangantakar ta mai saye da mai sayarwa ce kawai. A Agustan 2025 aka sanar da yarjejeniyar da ESPN za ta karɓi tashar NFL Network, ita kuma NFL ta mallaki kashi 10 cikin ɗari na ESPN. Ɗan rahoton da zai binciki gasar daga yanzu, ɗaya daga cikin masu gidan da ke biyan sa albashi zai bincika.